Hargitsi da canki-canka: tambayoyi da amsoshi kan abubuwan da ke ƙin hasashe

Mene ne bambancin, a taƙaice?

Tsari mai hargitsi yana da ƙa'ida tsayayya wadda ba ya karyawa. Halin da yake ciki yanzu shi ke yanke halin da zai shiga nan gaba, babu zaɓi, babu ƙuri'a. Matsalarsa ɗaya ce: ɗan kuskure ƙanƙani wajen auna halin da yake ciki yanzu yana ninkuwa, ya sake ninkuwa, har ya cinye hasashen baki ɗaya. Canki-canka kuwa, ko ka san abin da ya gabata ciki da bai, ba zai gaya maka abin da ke tafe ba. Iyakar abin da za ka samu shi ne yiwuwa: kashi kaza wannan, kashi kaza wancan.

A aikace ga inda suka rabu. Mai hargitsi ana iya hasashensa daidai na ɗan lokaci, daga nan sai hasashen ya lalace, kuma in an inganta awo lokacin zai ƙaru kaɗan. Na canki-canka tun daga mataki na farko ba a san shi ba, kuma ingancin awo ba ya ƙara komai.

Akwai hanyar da zan gani da idona?

Akwai, kuma Excel kaɗai ya isa. A gida na farko, A1, rubuta 0.2. A A2 rubuta =4*A1*(1-A1), sannan ka ja shi ƙasa har layi 60. A B1 rubuta 0.2001, ka yi masa irin wannan. Bambancin farawa kashi ɗaya ne cikin dubu goma.

Bayan mataki 5, layin A zai nuna 0.585, na B 0.581. Har yanzu suna tare. A mataki na 10, ɗaya 0.148, ɗaya 0.249. A mataki na 13, A ya faɗo 0.0002 alhali B yana 0.74. Daga nan ba ruwan wani da wani. Amma ka goge B1 ka mayar da shi 0.2 cif: layukan biyu za su zama iri ɗaya har ƙasa. Ba a jefa ƙuri'a ko sau ɗaya ba a cikin wannan lissafi.

Wannan ƙa'ida ita ce masanin halittu Robert May ya yi bayaninta a mujallar Nature a 1976, a matsayin samfurin yawan dabbobi ko ƙwari daga shekara zuwa shekara. Lambar 4 ɗin tana wakiltar ƙarfin hayayyafa, kuma ya kamata ka canza ta ka gani. Tsakanin 1 da 3, jerin yana zama a kan lamba ɗaya. Da an haura 3 sai ya riƙa lilo tsakanin lambobi biyu. A wajen 3.449 su zama huɗu. A wajen 3.544 su zama takwas. A wajen 3.57 maimaituwa ta ƙare, hargitsi ya fara. Ko a tsakiyar hargitsin akwai wuraren hutu: gwada 3.83, za ka ga lambobi uku kacal suna zagayawa. Mitchell Feigenbaum ya gano a 1975 cewa tazarar da ke tsakanin waɗannan rabe-rabe tana raguwa da ninki 4.669, kuma lambar ba ta wannan ƙa'idar ce ita kaɗai ba, ta bayyana har a gwaje-gwajen ruwa mai ɗumama da na da'irar lantarki.

To in ƙa'idar sananniya ce, me zai hana a ƙara ingancin awo a huta?

Saboda cinikin ba riba. A misalin da ke sama, kuskure yana ninka kansa sau biyu a kowane mataki, a matsakaici. In ka inganta awonka sau goma, wato ka ƙara lamba ɗaya bayan ɗigo, mataki 3.3 kawai ka saya. In ka inganta shi sau miliyan, ka sayi mataki 20. Kuɗin awo yana hawa da ninki, ribar hasashe tana hawa da ɗai-ɗai.

Saurin wannan ninkuwa shi ake kira ma'aunin Lyapunov, da sunan masanin lissafin Rasha Aleksandr Lyapunov. In ya fi sifili a tsarin da ba ya tserewa zuwa lambobi marasa iyaka, to akwai hargitsi. Kowane tsari da nasa saurin. Na yanayin iska da ruwan sama, kwanaki ne. Na duniyoyin da ke kusa da rana, Jacques Laskar ya nuna a 1989 cewa wajen shekara miliyan 5 ne. Shi ya sa ake iya faɗin ranar da za a yi husufi shekaru ɗaruruwa kafin ta zo, ba a iya faɗin ko za a yi ruwa ranar ba, alhali dukansu biyu masu hargitsi ne.

Ita kanta kwamfuta tana da nata kuskuren. Excel lambobi 15 yake riƙewa. Buɗe layi na uku da 0.2, amma ka rubuta ƙa'idar a matsayin =4*C1-4*C1^2. A lissafin takarda abu ɗaya ne da na layin A. A kwamfuta, wajen mataki na 50 za su rabu, domin kowanne da yadda yake datse lambar ƙarshe.

Maganar malam-buɗe-littafi da guguwa gaskiya ce?

Tana da tushe, amma an faɗaɗa ta. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, yana gudanar da ƙaramin samfurin yanayi a kwamfuta. Ya so ya maimaita wani lissafi daga tsakiya, sai ya kwafi lamba daga takardar da na'urar ta buga: 0.506. Na'urar kuwa 0.506127 take riƙe da shi a ciki. Bayan kamar wata biyu na yanayin samfurin, sakamakon biyu ba su da kama ko kaɗan. Ya buga bincikensa a 1963 da ƙa'idoji uku kacal, sannan a 1972 ya gabatar da lacca mai tambaya a takenta, ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Brazil zai tayar da guguwa a Texas.

Abin da ake nufi shi ne duniya biyu da suka bambanta da kaɗa fiffike ɗaya za su sami yanayi daban bayan makonni. Ba a nufin ƙwaron ne ya kawo ƙarfin guguwar, kuma ba wanda zai iya bin sawu ya ce wannan fiffiken ne ya jawo wancan. Fiffiken zai iya hana guguwa kamar yadda zai iya kawo ta. Yawan guguwa a shekaru masu yawa ba ya canzawa. Ranarta da wurinta ne ke canzawa.

Kafin Lorenz ma, Bafaranshe Henri Poincaré ya ci karo da wannan hali a aikinsa na 1890 kan yadda abubuwa uku ke jan juna a sarari.

Dole ne tsari ya zama mai sassa da yawa kafin ya yi hargitsi?

A'a, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Sarƙaƙiya daban, hargitsi daban. Lilo mai gaɓa biyu, sanda biyu da ƙusa, yana hargitsi in an ɗaga shi sama sosai aka saki. Injin jirgin sama mai sassa dubbai an ƙera shi ne don kada ya yi.

Abu biyu ake bukata. Na farko, sakamako ya zama ba ya tafiya kai-da-kai da sababi, wato ninka abin da aka zuba ba ya ninka abin da ya fito. Na biyu, a sami miƙewa da naɗewa. Dubi mai burodi yana cuɗa ƙulli: ya ja shi ya yi tsawo, ya ninke, ya sake ja. Ƙwayar sukari biyu da suke manne da juna da farko, bayan ninki ashirin kowacce tana nata gefen, amma ba wadda ta bar cikin ƙullin. Ja shi ke raba maƙwabta, ninkewa ke hana su tserewa.

Akwai sharaɗi na ƙidaya. In tsarin yana tafiya ne a jere ba yankewa, kamar gudun ruwa, sai yana da aƙalla abubuwa uku masu canzawa kafin hargitsi ya yiwu. In mataki-mataki yake tafiya, kamar shekara-shekara, ɗaya ya isa.

Jefa kwabo fa, wanne ne? Kuma akwai canki-canka na ainihi?

Kwabo yana bin dokokin motsi. Persi Diaconis da abokan aikinsa sun yi amfani da na'urar da ke jefa kwabo da ƙarfi iri ɗaya, yana faɗowa fuska ɗaya kowane lokaci. A 2007 suka lissafa cewa kwabon da mutum ya jefa ya cafke yana komawa fuskar da ya tashi da ita kusan kashi 51 cikin 100. Wani gwaji na jifa 350,757 a 2023 ya ba da kashi 50.8. Muna ɗaukar kwabo a matsayin ƙuri'a ne domin hannu ba ya iya maimaita jifa daidai.

Wurin da ilimin kimiyyar yau ke ganin canki-canka zalla shi ne a matakin ƙwayar zarra. Sinadarin kabon-14 yana raguwa da rabi a shekara 5,730, amma ba awon da zai nuna wace ƙwaya ce za ta fashe a daƙiƙa mai zuwa. Tsohuwar ƙwaya da sabuwa yiwuwarsu ɗaya.

A lura da wani amfani a nan: canki-canka yana lafawa in an tara da yawa. In na'ura ta ƙirga fashewa 100, sauyin da ake tsammani wajen 10 ne, kashi 10 cikin 100. In ta ƙirga 10,000, sauyin wajen 100 ne, kashi 1 kacal. Kamfanonin inshora a kan wannan suke tsaye.

Ina da jerin alƙaluma da na tara. Ta yaya zan gane wanne ne?

Kallon zanen hawa da sauka ba ya raba su. Ido ba ya iyawa. Ga yadda ake bi.

Fara da tsabtace jerin. Cire hauhawar dogon lokaci da zagayen shekara, domin damina da rani kaɗai za su iya ba ka siffar da za ka zaci ƙa'ida ce ɓoyayya.

Sai ka zana kowace lamba a kan wadda ta gabace ta: ta yau a kwance, ta gobe a tsaye. Gwada da layin A na Excel. Ɗigogin za su hau kan baka guda mai tsabta, kamar an zana da alƙalami. Yi haka da =RAND(), umarnin Excel mai ba da lambobin ƙuri'a, za su cika filin ko'ina. In tsarin yana da abubuwa masu canzawa fiye da ɗaya, sai a haɗa lambobi uku ko huɗu a jere su zama ɗigo ɗaya. Floris Takens ne ya tabbatar a 1981 cewa wannan dabara tana iya dawo da siffar tsarin ko da abu ɗaya kawai ake aunawa.

Mataki na uku shi ya fi amfani. Raba jerin gida biyu. Ga kowane ɗigo a rabi na biyu, nemo ɗigogin da suka fi kama da shi a rabi na farko, ka duba inda suka je bayan mataki 1, 2, 5, 10, ka ɗauki wannan a matsayin hasashe. Sannan ka auna dacewar hasashen da abin da ya faru. In dacewar tana da ƙarfi a mataki 1 tana zubewa da sauri yayin da tazara ke ƙaruwa, alamar hargitsi ce. In ba ta canzawa da tazara, to hayaniya ce, wato kurakuran awo na canki-canka, a kan wani zagaye. George Sugihara da Robert May ne suka gabatar da wannan hanya a 1990.

Na huɗu, gwajin jabu. A ƙirƙiri jeri na bogi waɗanda suke da matsakaici da irin kaɗawar jerinka, amma an dagula duk wata ƙa'ida da ke ciki. A yi musu gwajin da aka yi wa na gaskiya. Da jabu 19, in na gaskiya ya fi su duka, ana da tabbaci na kashi 95 cikin 100 cewa ba hayaniya mai sauƙi ba ce. A kula: wannan bai tabbatar da hargitsi ba tukuna, ya kawar da bayani ɗaya ne kawai.

Ina aka fi yin kuskure a irin wannan bincike?

Gajeren jeri shi ne na farko. Jean-Pierre Eckmann da David Ruelle sun nuna a 1992 cewa yawan fuskokin tsari (wato kusan adadin abubuwa masu canzawa da ke tafiyar da shi) da za a iya aunawa daga jeri ba zai wuce ninki biyu na yawan sifilin da ke cikin adadin ɗigoginsa ba: ɗigo 1,000 ba zai nuna fiye da 6 ba, ɗigo 100 ba zai wuce 4 ba. Don haka wanda ya zo da alƙaluman ruwan sama na shekara 60 ya ce ya gano fuskoki uku, ƙarancin alƙalumansa ya auna.

Na biyu, hayaniya mai tunawa da baya, wadda lambar yau take jingine da ta jiya. A 1989 Osborne da Provenzale sun nuna cewa irin wannan hayaniya tana yaudarar gwajin Grassberger da Procaccia na auna yawan fuskoki, wanda aka fi amfani da shi a lokacin. Ita ma dacewar hasashenta tana raguwa da tazara, shi ya sa gwajin jabu ya zama dole.

Na uku, tace alƙaluma fiye da kima. Duk wanda ya maye gurbin kowace lamba da matsakaicinta da na maƙwabtanta ya saka masa santsi da hannunsa. Na huɗu, tsarin da ya canza a tsakiyar awo: an sauya na'ura, an mayar da tashar awo wani wuri, an fara riga-kafi. Manhajar lissafa ma'aunin Lyapunov kuma za ta ba ka lamba ko me ka zuba mata, har da hayaniya zalla, kuma sau da yawa lambar ta fi sifili.

Lambobin ƙuri'a da kwamfuta ke bayarwa fa?

Yawancinsu ƙa'ida ce ke fitar da su daga wata lambar farawa da ake kira iri. Iri ɗaya, jeri ɗaya. Mersenne Twister, wanda Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura na Japan suka ƙera a 1997, shi ne a cikin harsunan kwamfuta na Python da R. Ya dace da gwaje-gwajen bincike, amma wanda ya ga lambobi 624 a jere zai iya lissafa duk na gaba. Kada a yi kalmar sirri ko makullin asusu da shi. A yi amfani da majiyar da tsarin kwamfutar ya tanada don tsaro, wadda ke tattara hayaniya daga kayan na'urar. A bincike kuma a riƙa rubuta irin da aka yi amfani da shi, don wani ya iya maimaita aikin.

In yanayi ba ya hasasuwa bayan mako biyu, yaya ake hasashen damina tun watanni kafin ta?

Tambaya biyu ce daban. Ko za a yi ruwa a Katsina ranar 20 ga Yuli, wannan ya dogara da halin da iska take ciki yanzu, kuma wannan bayani yana ɓacewa cikin kamar mako biyu. A yankin Sahel ma bai kai haka ba, domin yawancin ruwan daga gungun hadari yake zuwa, wanda ke tasowa daga gabas ya nufi yamma, ya jiƙa wannan gari ya tsallake na kusa da shi. Amma ko daminar bana gaba ɗaya za ta yi yawa ko ƙaranci, wannan yana da alaƙa da zafin saman teku, a Atilantika da Fasifik, wanda ke canzawa a hankali cikin watanni.

Shi ya sa hasashen shekara na NiMet, hukumar yanayi ta Nijeriya, da na taron yanki da cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai ke shiryawa, magana ce ta yiwuwa. In an ce, alal misali, kashi 45 ruwa ya fi na al'ada, 35 daidai, 20 ƙasa, to har yanzu akwai ɗaya cikin biyar na ƙarancin ruwa. Manomin da ya karanta wannan a matsayin alkawari ya zuba duk irinsa a ruwan farko, bai karanta daidai ba.

Ko a hasashen kwanaki, manyan cibiyoyi sun daina dogaro da lissafi ɗaya. Tun 1992 cibiyar Turai ta ECMWF da takwararta ta Amurka suke gudanar da samfurin sau da yawa, kowanne da ɗan canji a farawa; ta Turai sau 51. In duka sun tafi tare, hasashen yana da ƙarfi. In sun watse a rana ta huɗu, nan iyakar hasashen take.

Akwai misalin da abubuwan biyu suka haɗu?

A duniyar zahiri kusan kullum a haɗe suke, kuma cutar ƙyanda a Yamai misali ce mai kyau. Binciken Matthew Ferrari da abokan aikinsa, wanda ya fito a Nature a 2008, ya nuna cewa yaɗuwar cutar a birnin tana ƙaruwa sosai da rani, ta faɗi da damina. Wani bincike na 2011 ya yi amfani da hasken dare da tauraron ɗan'adam ke ɗauka a Yamai, Maraɗi da Damagaram, ya danganta hakan da cikar birni da 'yan ci-rani da kuma komawarsu gona. Wannan bugun shekara-shekara mai ƙarfi, haɗe da yawan haihuwa, yana jefa lissafin cutar cikin yankin hargitsi: babbar annoba wata shekara, sai shekaru na shiru marasa tsayayyen adadi.

Canki-canka yana shigowa ne a lokacin da cutar ta lafa. Bayan babbar annoba masu ɗauke da cutar suna raguwa har su zama 'yan ƙalilan, ko ta ɓace daga birnin. A nan, ko wani matafiyi mai ɗauke da ita zai shigo a wannan watan ko na gaba, sa'a ce zalla, kuma hargitsin zai ɗauki wannan ƙaramin bambanci ya mayar da shi babba. Abin da wannan ke nufi ga ma'aikatan lafiya shi ne shekarun shiru ba shaidar nasara ba ne. Yaran da ba a yi wa riga-kafi ba taruwa suke yi.

Farashin kasuwa hargitsi ne?

An nema sosai tun shekarun 1980, a farashin hannun jari da na canjin kuɗi, ba a sami hujja mai ƙarfi ta hargitsi mai 'yan fuskoki ba. An sami dai cewa kwanakin tashin hankali suna zuwa a jere, kuma manyan faɗuwa sun fi yawa fiye da yadda lissafi mai sauƙi ke nunawa. Kasuwa kuma tana da abin da iska ba ta da shi: masu cikinta suna jin hasashen su canza hali. Duk mai sayar da manhaja da sunan ta gano ƙa'idar hargitsin kasuwa, a nemi ya nuna gwajinsa a kan alƙaluman da manhajar ba ta taɓa gani ba.

Ana iya sarrafa hargitsi?

Ana iyawa, kuma wannan na cikin manyan bambance-bambancen. A cikin kowane motsi mai hargitsi akwai zagaye masu maimaituwa da yawa, sai dai ba su da zama. Tsarin yana ratsa kusa da su ya wuce. A 1990 Edward Ott, Celso Grebogi da James Yorke na Jami'ar Maryland suka nuna dabarar: a jira har tsarin ya zo kusa da zagayen da ake so, sai a ɗan taɓa ɗaya daga cikin lambobin da ke daidaita shi (kamar lambar 4 a misalin Excel), a maimaita a kowane zagaye. A shekarar aka gwada ta a kan wani siririn ƙarfe mai rawa a cikin filin maganaɗisu, ta yi aiki. A 1991 kumbon Japan mai suna Hiten ya isa wata da ɗan man da ya rage masa, ta hanyar bi ta yankin da jan duniya, wata da rana suke kusan daidaita, inda ƙaramin turi ke sauya hanya sosai.

Dabarar tana da sharuɗɗa: a iya auna tsarin da sauri fiye da ninkuwar kuskurensa, fuskokinsa su zama kaɗan, hayaniyar da ke ciki kuma kada ta fi ƙarfin taɓawar da aka yarda a yi. In hayaniya ta fi, tsarin zai riƙa kuɓucewa, sai an sake jiran ya dawo kusa. Ga abin da yake canki-canka zalla kuwa ba zagayen da za a kama. Abin yi shi ne ajiyar ko-ta-kwana, rarraba haɗari, da lissafin mafi munin abin da ka iya zuwa.